Kwanon Inna Yana Cikin Jakarki

Tasawa, ranar tafiyarki

Ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa, da murna mai yawa. Ubangiji da ya tashe mu lafiya yau ya kai ki Damagaram lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya, da direba mai gaggawa, da tayar da ta gaji. Babanki ma yana gaishe ki, ko da yake na san yana nan tsaye kusa da ke a tasha, yana murza ido yana cewa hayaƙin mota ne.

Za ki ce, Mama, gida ɗaya muka kwana, me ya kawo wasiƙa? Dalilin shi ne in na buɗe baki ke ma sai ki buɗe naki, in ranki ya ɓaci kuma sai ki juye zuwa Faransanci ki bar ni a baya ina hangen ƙurarki. A takarda ba mai katse ni. Kada tsawonta ya dame ki. Motar Damagaram ba ta taɓa cika da wuri ba, za ki gama karantawa kafin a ɗaure buhun ƙarshe a bisa.

Bari in fara da abin da ya cika mani zuciya. Ɗiyata za ta lakol, makarantar koyon aikin ungozoma! Ba wanda ya tsaya sayen ƙuli-ƙuli a ƙofar gidanmu cikin watan nan da ban gaya masa ba. Har wani bawan Allah da ya tsaya tambayar hanyar Hawandawaki kawai, sai da ya ji labarinki tun daga haihuwa kafin in nuna masa hanyar. Ina alfahari da ke, kuma ba zan ɓoye ba.

Yanzu ki sa hannu can ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa. Abin da kika taɓa ɗaure cikin ɗankwali, kwanon kakarki ne, Inna mahaifiyata. Farin kwanon nan mai murfi wanda furen jikinsa ya kusa gogewa. Ni na sa shi. Motarku za ta ratsa ta Maijirgi. Ina so ki sauka ki kai mata, ki kwana wurinta, gobe ki ci gaba da tafiya. Na riga na tambaya, lakol ba za ta buɗe ba sai sati mai zuwa, don haka kada ki kawo mani wannan uzurin.

Na san kin ce ba za ki je ba. Tun ranar da baƙon mai wa'azin nan ya zo majami'armu da damina, ya yi ta dukan tebur yana bayanin wutar da ba ta mutuwa, kika dawo gida kika ture tuwo. Kika ce, "Mama, Inna musulma ce. In abin da mutumin nan ya faɗa gaskiya ne, ta yaya Allah za shi ce yana ƙauna? In kuma ba gaskiya ba ne, mi muke yi a majami'a?" Daga ranar ba ki ƙara rufe ido ba in babanki yana addu'ar abinci. Na sani, domin ni ma nawa idon a buɗe yake, ke nake kallo. Da na ce ki je ki yi wa Inna ban kwana, kika ce ba za ki iya kallon fuskarta ba kina tunanin inda aka ce za ta.

Rahila, Inna ta tsufa. Ba na son rubuta wannan, amma hutunku na farko sai Nowel, bikin Kirsimeti, kuma ba wanda ya yi mana alkawarin za ta kai Nowel. In motar nan ta wuce Maijirgi kina ciki, mai yiwuwa ne shi ke nan.

Ba ni da ilimin Pasto. Abin da nake da shi kurakuraina ne, kuma Allah ya hore mani su da yawa. Tambayar nan taki ta riga ta zaga da ni tun ba a haife ki ba, na faɗi ta dama na faɗi ta hagu. Bari in nuna maki ramukan.

Kin tashi kin ga kwanon nan yana kai da komowa. Babbar Sallah ya zo mana da soyayyen naman layya, Nowel ya koma Maijirgi da shinkafa da kaza. Kin kuma san al'adarmu, ba a maida kwano wayam. Wanda ya aiko maki da abinci, ko 'yar gujiya ce sai ki jefa a ciki kafin ki mayar. Abin da ba ki gani ba shi ne yadda aka fara.

Shekarar da na bi Almasihu na auri babanki, 'yan'uwana maza suka ɗauke ƙafa daga gare ni. Inna ba ta ce uffan ba, ni kuwa na ɗauki shirunta a matsayin kora. Sai Babbar Sallah ta zo. Washegari sai ga Dija, Bafulatanar nan ƙawar Inna mai kawo nono kasuwar Tasawa, ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gidanmu ta ciro kwanon nan. Tun kafin ta buɗe, ƙanshi ya riga ya shiga ɗaki.

Lokacin ina da zafin sabon shiga. Na san amsar kowace tambaya, har da wadda ba a yi mani ba. Na ja zane na tsaya na ce, "Ki maida mata. Ki ce ni ba ni cin naman layya. Ki kuma ce mata ta ji tsoron wuta tun da sauran lokaci."

Dija ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Ke ɗiyar nan, naman dai ni maida, don kaina na iya ɗaukar shi. Wagga magana taki kuwa ta hi ƙarhina. In kina so ta ji, ga hanyar Maijirgi nan, ki tahi ki hwaɗa mata da bakinki." Ta ɗauki kayanta ta yi gaba.

Da babanki ya dawo daga gona ya tarar da ƙanshi ba nama, na ba shi labari ina jiran yabo. Shi da aka haifa cikin bangaskiya can wajen Mayahi, tun yana yaro yake cin naman Sallar maƙwabta su ma suna cin nasu na Nowel. Ya zauna ya dafe kai. Ya ce, "Saratu, uwarki ta miƙo maki hannu, kin buge shi. Kuma naman hwa soyayye ne!" Har yau ban san wanne daga cikin biyun ya fi yi masa ciwo ba.

Maida kwano wayam rashin ta ido ne kawai. Maida shi da abincinsa ba a taɓa ba, wannan yanke zumunci ne, kuma na san haka sarai lokacin da na yi. Na zaci an gama. Shekara ta zagayo, sai ga Dija da kwano. Na sake mayarwa, amma wannan karon ban haɗa da wa'azi ba. Ta sake zagayowa, sai ga shi kuma. Ba saƙo, ba gori, nama kawai da ɗan yaji a ƙulle a gefe, irin wanda nake so tun ina ƙarama.

Ke ce kika karya ni. Ina da cikinki, ba abin da ke zama mani sai kunun tsamiya, Dija ta buɗe murfin nan. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Na ci ina kuka, na ci ina kuka, har na suɗe murfin. Sai na tashi ina ta dube-duben abin da zan sa a ciki, na cika shi da ƙuli-ƙuli har murfi ya ƙi rufuwa. Dija ta ce, "Yau dai kayan da za ni koma da su sun hi daɗin ɗauka."

To, ga nasiha ta farko. Kada ki taɓa ɗaukar maganar wuta ki mai da ita sandar dukan wanda kike ƙauna. Ban jawo Inna kusa da Yesu da taku ɗaya ba ranar nan, kunya kawai na jawo wa sunansa. In kin ga mutum yana maganar hallakar mutane idonsa a bushe, har kamar yana jin daɗi, ki saurara da hankali amma kada ki koyi muryarsa. Inda za ki, mata za su kwanta a gabanki cikin naƙuda, yawancinsu masu salla. Abin da ya kamata su fara sani game da Allahnki shi ne taushin hannunki.

Akwai kuma abin da na gane daga baya. Duk shekarun nan da ban ci naman Sallah ba, wa ya hana ni? Inna ba ta fasa aikowa ba ko sau ɗaya. Da na ci gaba da mayarwa har na mutu, wa zai ce uwata ba ta ƙaunata? Ba ta da yadda za ta yi, ni ba jaririya ba ce balle ta danne ni ta yi mani ɗura. Babanki ya ce iyakar abin da ya fahimta game da hukunci ke nan: Allah yana ta aikowa, mutum yana ta mayarwa ba a taɓa ba, har hannunsa ya manta yadda ake karɓa. Wannan ya taimake ni ƙwarai. Bai ƙare tambayar ba, amma ya cire mani hoton Allah mai jiran mutum ya yi tuntuɓe don ya cafke shi.

Kuskurena na biyu shi ne naki na yanzu, shi ya sa nake gane shi daga nesa. Da muka shirya da Inna, na riƙa kai ki tana goya ki tana yi maki wasa, sai ƙaunarta ta dawo mani sabuwa, tare da ita kuma fushi da Allah. Na ce wa babanki ni dai na soke maganar hukunci gaba ɗaya. Babu shi. Allah mai ƙauna ne, kowa zai wuce, a rufe zancen. Na ji sanyi na ɗan lokaci, kamar wadda ta sauke tulu.

Sai shekarar nan da hatsi ya yi wuya ta zo. Kin tuna Hajo, gwauruwar da ke bayan gidanmu da 'ya'yanta ƙanana? Ta yi ta ɗaure ciki duk rani don kada ta taɓa irin shukar da ta ɓoye a rumbu. Ana gab da ruwan farko aka fasa rumbun aka kwashe. Kowa a unguwa ya san wanda ya yi, wani ne cikin dangin mijinta, mutum mai hali wanda ba ya cikin yunwa, kuma ba mai iya tunkararsa. Na tarar da ita tsaye gaban rumbun, ba ta kuka, ba ta zagi. Ta ɗaga kai ta ce, "Allah ya isa." Muryar da ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa amin tawa ce.

Ina komawa gida abin ya faɗo mani. Ni da na rushe kotun Allah jiya, ga ni yau na kai ƙara! Na zauna bakin murhu na yi wa kaina dariya. Allahn da zai dubi rumbun Hajo ya ce ba komai, kowa ya wuce, wannan ba mai ƙauna ba ne, wanda bai damu ba ne. Za ki ga abubuwa a ɗakin haihuwa da za su sa ki faɗi kalmomin nan na Hajo, mata da aka wulaƙanta, da waɗanda aka kawo bayan lokaci ya ƙure don wani bai ga darajarsu ba. Kada ki ƙwace wa marar ƙarfi "Allah ya isa" daga baki don ki samu barci. Sau da yawa ita kaɗai ta rage masa.

Amma na san abin da za ki ce, don ni ma na faɗa. Inna ba ta fasa rumbun kowa ba. Kuma ba za a ce tana maida kwanon Allah ba, matar da ke kiran sunansa tun kafin zakara ya yi cara. Ga kuma kalmar nan "har abada", wadda in na shiga cikinta ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na kai wa babanki wannan duka, na tsare shi a zaure. Ya ce, "Shi ya sa ba a ba ni kujerar alƙali ba, Saratu. Ke ma ba a ba ki ba." Na ji haushin amsar nan sosai. Ranar miyarsa ba ta ga man shanu ba.

Kuskure na uku ne ya warkar da ni, kuma shi nake so ki riƙe. Kina kolej lokacin, aka aiko cewa Inna na kwance da zazzaɓi mai zafi. Tsoro ya kama ni. Na ce yau ko ana ha maza ha mata sai na juyo da ita kafin ta tafi. Na shiga mota ina tsara jawabi, in ta ce kaza in ce kaza, duk na toshe mata hanyoyin fita. Na isa da la'asar. Na tarar ta ɗan ji sauƙi, tana zaune bisa tabarma ta gama salla, ta ba ƙofa baya, ta ɗaga hannu.

Kin san kunnen Inna ya tafi tun tuni. Ita a ganinta raɗa take yi wa Ubangijinta, alhali har awakin maƙwabta suna ji. Na tsaya bakin ƙofa, ga abin da na ji:

"Ya Allah, ga Saratu. Kai ka halicce ta, ka san taurin kanta, wurin ubanta ta gado shi. Ta bi wata hanya, ni ban gane mata ba. Amma ka gani, ba ta cin haƙƙin kowa. Kada ka bari wuta ta taɓa mani ita. In akwai ɗan lada cikin sallolin ga nawa, a raba da ita. Da mijinta, bawan Allah ne, shina da haƙuri tunda ya iya zama da ita. Da ƙawata Rahila..."

Jawabina duk ya zube. Ban san ina kuka ba sai da ta waiwayo ta ce, "A'a, yaushe kinka zo? Mi kike ma kuka, wa ya mutu?"

Na durƙusa na sa baki a kunnenta, kuma dole in ɗaga murya, don haka rabin Maijirgi sun ji. Na ce, "Inna, abin da kike roƙa mani, shi nike roƙa maki kullum!"

Ta dube ni ta daɗe. Sai ta fashe da dariya, ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta na riƙa bubbuga mata baya. Ta ce, "Ashe mun dame Shi, ni ta gabas ke ta yamma! To, mu bar Mai aiki da aikinShi. Wanda ya sa muna wagga zuciya ai ya hi mu ita." Ta share ido da bakin zane ta ce, "Kin ci abinci?"

A kan hanyar komawa na ga kuskurena tsirara. Duk shekarun nan, ina fushi ko ina tsoro, abu ɗaya nake zato: wai na fi Allah son Inna. Ni! Ni da nake ƙona tuwo, nake faɗa da maƙwabta a kan kaji, na maida wa uwata kwano. To 'yar ƙaunar nan da ke cikina har take hana ni barci, a wace kasuwa na saye ta? Shi ya ba ni, kuma ɗan ɗigo ne daga tasa. Mu kuma da muke bin Yesu, mun gaskata wanda zai zauna shari'a a ranar ƙarshe shi ne wanda ya yarda aka kafa shi a gicciye saboda masu ƙinsa. Hannun da zai yanke hukunci akwai tabon ƙusa a jikinsa. Ba ya neman dalilin yar da kowa, kuma ba zai yi kuskure a kan kowa ba.

Kada ki fahimce ni a karkace. Ban sauka daga bangaskiyata ba, Inna ma ba ta sauka daga tata ba. Ta tambaye ni game da Yesu na gaya mata iyakar sanina, ita ma ta gaya mani nata, kuma har gobe ina roƙo ta san shi yadda na san shi. Ba zan rubuta maki cewa na leƙa na ga makomarta ba, don ban leƙa ba, baƙon mai wa'azin nan ma bai leƙa ba. Abin da na sani shi ne al'amarin ba a hannuna yake ba, kuma wannan ya zama mani abin murna, domin hannuna yana yawan sakin abubuwa. Tun ranar nake kallon fuskar Inna ba tare da tsoro ba. Na bar wa Allah shari'a, na riƙe kwano.

Ki koma yin addu'a, ko da a fusace ne. Ki gaya wa Allah duk abin da kika gaya mani, in ya kama ki juye masa zuwa Faransanci, shi ba za ki bar shi a baya ba. Ki nemi masu bi a Damagaram ki zauna cikinsu, ki yi tambayoyinki a fili, kada ki ji kunyar cewa ban sani ba. Ki kuma riƙa cin abinci, ba a jayayya da Allah da yunwa, na gwada.

Dambun kaza ne a cikin kwanon, na daka shi ya yi laushi saboda haƙoranta. Malam Idi maƙwabcinmu na sa ya yanka, ki gaya mata haka don kada zuciyarta ta yi ɗar. Kada ki buɗe a mota. Babanki ya riga ya gwada jiya, na kama shi. Ki ce wa direba ya sauke ki daidai tsamiyar bakin hanya, kin san gidan daga nan. Kunnenta na dama ya fi ji. In kuka ya zo maki ki yi abinki, za ta ɗauka kewar gida ce, ta yi maki tsiya ta ce ungozoma ba ta kuka. Gobe ba za ta bar ki ki fita da kwanon wayam ba. Duk abin da ta sa ki cinye, ki wanke shi ki adana, ki dawo mani da shi da Nowel mu cika mu kai mata tare, in Allah ya bar mana ita.

Abu ɗaya kawai nake roƙonki. In ta tashi sallar la'asar kada ki fita yawo. Ki zauna bakin ƙofa. Sunanki yana zuwa bayan na babanki. Ki saurara har ƙarshe.

Ni ma ga tawa, kuma tunda kunnena lafiya lau, a hankali zan faɗa. Ya Allah, ga Rahila. Kai ka halicce ta, ka san taurin kanta, wurina ta gado shi. Ka kiyaye fitarta da shigarta, ka tsare ta a hanya da masauki, ka sa albarka a hannuwanta. Tana fushi da kai saboda tana son kakarta, kuma kai ka sa mata son. Ka sauke ta a Maijirgi. Amin.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Saratu